Tabarmar Hasken Rana da 'Ya'yan Hansatu Uku

To, ku gyara zama. Mai magana ya riƙe ta sai na dire, domin wannan labari da shari'a a gindinsa, kuma a hannunku zan bar ta.

A can cikin fadamun gabas, inda kogi ke ɓacewa cikin doguwar ciyawa ya bazu ko'ina, akwai wani gari da ake kira Tsibirin Gaiwa. Da rani ana zuwa a babur, har da ƙafa ma. Amma da ruwa ya sauka, wata huɗu cur ba shiga ba fita sai a kwalekwale. A garin akwai ɗakin shan magani mai ciki biyu, mai kula da shi kuwa wata mace ce, Hansatu, wadda babba da yaro ke kira Sista. Shekara ashirin da shida tana karɓar haihuwa a wurin. Mace ce mai saurin hannu da saurin fushi, ba ta son dogon bayani. In ka fara yi mata magana da "wato kin gane", kafin ka ƙarasa ta juya ta kama wani aiki.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Akwai allurar da ake yi wa mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ta matse mahaifa jinin ya tsaya. Wannan allura ba ta jure zafi. In ta daɗe cikin zafin fadama sai ƙarfinta ya tafi, a yi ta kamar ba a yi ba. Akwai ɗan ƙaramin firji a ɗakin, amma garin babu wuta. Sau biyu ana aiko mata da farantin sola na gilashi. Na farko bai ma iso ba, kwalekwale ya daki kututture, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Na biyu ya iso lafiya, aka ɗora shi a kan tsohon kwanon rufi da azarar da gara ta ci, iskar farkon damina ta sauko da shi da rabin rufin. Firji ya koma wurin ajiye auduga da sabulu. Mata tara ne suka tafi a hannunta ta wannan hanya, kuma ta san sunan kowacce da sunan abin da ta bari.

'Ya'yanta uku duk suna birni. Wata Sallah da suka zo gida, suna cin tuwo suna hirar karatu da taruka, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Kun ishe ni. Na haifi mutum uku, biyu har da digiri a kan digiri, amma a cikinku babu mai iya ajiye min ƙanƙara guda a garin nan." Ta tashi ta bar su da tuwon a baki.

Babbarsu, Zuwaira, wadda Hansatu ba ta kama sunanta saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce "Babba", malamar kimiyyar sinadarai ce a wata jami'a. Ita maganar ta fi yi wa zafi. Ta ce ai ba dole sai gilashi ba. Akwai irin rinin da ke shan hasken rana ya ba da lantarki, in aka shafa shi a kan leda sai a naɗe kamar tabarma, ba nauyi ba fashewa. Ta fara da baba, shunin nan na marina, ta yi ta sauya masa gini a ɗakin gwaji. Aikin yana son sinadari biyu a gauraye, ɗaya mai bayarwa ɗaya mai karɓa, kuma sai sun dace da juna daidai, in ba haka ba haske ya shiga ya fita a banza. Ta haɗa sama da kala ɗari biyu ta zubar. Farcenta ya rine ya ƙi wankuwa, warin sinadarai ya sa mata tarin da bai sake ta ba har yau. An ba ta damar tafiya ƙasar waje ta ƙi, ƙannenta a aiki suka wuce ta a muƙami tana kallo. A shekara ta bakwai ta dace. Ta samu haɗin da in aka shafa shi siriri, sirantar da ido bai iya gani daga gefe, sai ya shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa. Ta fitar da shi rana, ta jona wayoyi da mita. Tsinken mita ya ɗan motsa kaɗan, ya tsaya. Leda ta yi zafi jau, lantarki kuwa bai kai ya kunna tocila ba. Ta canza wayoyi, ta canza mita, ta sake haɗi daga farko har sau shida. Ƙarshe ta tara gutsattsarin a kwali ta ajiye bakin ƙofa don masu shara, ta buga wa uwarta waya tana kuka.

Hansatu ta saurara, ta ce, "Wato shekara bakwai kika yi kina ƙera min abin ɗumama tuwo?" Ta kashe wayar. Daga baya ta zauna ta yi nadamar maganar, amma ba ta sake bugawa ba.

Na biyunsu, Mudassir, malamin fiziks ne a wannan jami'a. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara gaya maka yadda agogo ke aiki. Shi ya tsinci kwalin kafin masu shara su zo. Ya ce haske ya shiga, zafi ya fito, ke nan a tsakani akwai inda abin ke mutuwa, kuma sai ya ga wurin. Wata goma sha ɗaya ya yi a wani ɗaki da ya toshe tagoginsa, yana haska wa gutsattsarin fitila, ya rage haske ya auna, ya ƙara ya auna, sau dubbai, yana rubutawa. Idonsa ya lalace har ya koma tabarau mai kauri. Abokan aikinsa suka ce ya haukace a kan sharar yayarsa. Ran da ya gano, sai ya hau mota ya hau kwalekwale ya zo har gida don ya faɗa da bakinsa. Ya tarar da uwarsa tana tafasa almakashi.

Ya ce, "Inna, na ga inda yake mutuwa. Wato kin gane, duk lokacin da haske ya daki rinin nan, tagwaye yake haifarwa. Ɗaya ƙwayar lantarki ce, ɗayan kuma gurbin da ta tashi ta bari. Riƙe da juna ake haifarsu. Sai sun isa iyakar da mai bayarwa ya haɗu da mai karɓa sannan su rabu, ƙwaya ta bi mai karɓa ta fita ta wayar sama, gurbi ya bi mai bayarwa ya fita ta wayar ƙasa. Fitar nan tasu ta ƙofa daban-daban ita ce lantarki. In kuwa ƙwaya ta sake cin karo da gurbi a hanya, sai ta faɗa ciki, shi ke nan an yi asarar su biyun, ba abin da ya rage sai ɗan zafi."

Hansatu ta ce, "To sai a hana su haɗuwa mana."

Ya ce, "Sai an san su wa ke haɗuwa tukuna. Yaya ta ɗauka tagwayen ne ke ƙin rabuwa, shi ya sa take ta canza rini. Da haka ne, ko hasken kaɗan ne ko da yawa, kason da ke mutuwa ɗaya zai kasance, tunda kowa da ɗan'uwansa yake mutuwa. Ni kuwa na ga duk sa'ad da na ƙara haske, kason asarar sai ya ƙaru. Ke nan cunkoso ne. Suna rabuwa lafiya lau, amma sinadaran biyu sun damu da juna fiye da kima, kamar furar da aka dama har ta zama ruwa. Babu hanya miƙaƙƙiya zuwa ƙofa. Ƙwaya tana yawo a lunguna, sai ta yi karo da gurbin wata daban ta faɗa. Rinin Yaya ba shi da laifi. Hanya ce babu."

Ta ɗaga almakashi daga ruwan zafi ta ce, "Mudassir, ni dai firjina zai yi sanyi ko ba zai yi ba?"

Ya ce zai yi, in aka gasa ledar. Ya riga ya yi lissafi. Zafi zai sa kowane sinadari ya ja jikinsa ya haɗu da irinsa, su yi jijiyoyi daga sama har ƙasa. Amma faɗin kowace jijiya kada ya wuce abin da za a samu in an tsaga gashin kai gida dubu uku. In ya fi haka, tagwayen za su mutu tun kafin su isa iyakar da za ta raba su. In bai kai ba, a koma cunkoso. Ya rubuta yawan zafin, ya rubuta mintocin, ya ja layi biyu a ƙarƙashin sharaɗi na uku, wato kada iska ta taɓa rinin yana da zafi, don takan kashe shi ya koɗe. Ya koma birni, Zuwaira ta dawo ta ci gaba da shafa masa sababbin ledoji. Sai dai tandun ɗakin gwajin ya tsufa. Gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya bai ji wuta ba, ga ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ga iska na shiga ta ƙofarsa. Leda casa'in ya ƙona. Maganin yana nan a takarda, dalla-dalla, amma ya gagari hannunsa. Hansatu ta ce wa duk wanda ya tambaye ta, "Ɗaya ta yi abin da ba ya aiki, ɗayan ya gano dalilin da ya sa ba ya aiki. Allah ya yi musu albarka."

Autansu, Ukasha, daga sakandare ya tsaya. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana da shago a bakin ƙofar jami'ar, yana yi wa ɗalibai kwafin takardu, yana kuma liƙe takardun shaida a cikin leda da injin zafi don kada ruwa ya ɓata su. A can ba a san shi da suna ba sai "ƙanin daktoci". Wurinsa Mudassir ke kawo ledojin ya yanka masa su daidai da wuƙar takarda, wurinsa kuma ya kawo rubutunsa a yi kwafi. Ukasha yana jera shafuka a injin kwafi idonsa ya faɗa kan sharuɗɗan nan uku: zafi daidai a ko'ina, na ɗan lokaci, ba tare da iska ba. Ya dubi injin zafin da ke gefensa. Aikin da yake yi ke nan tun safe har yamma, shekara goma sha biyu. Ya faɗa wa yayyensa. Zuwaira ta yi dariya har tarinta ya tashi, Mudassir ya ce masa a hankali wannan ba katin ɗan makaranta ba ne. Ukasha ya koma shagonsa. Ya riƙa tara ragowar da ke faɗuwa in ya yi yanka. Injin yana jan takarda da sauri, sai ya kwance shi ya sauya masa ƙafafun juyi ya rage gudunsa. Sau biyu injin na ƙonewa, ya rufe shago mako uku a daidai lokacin da ɗalibai ke rububin takardu, masu zuwa wurinsa suka koma maƙwabcinsa. Babban yatsansa na dama ya ƙone har zanen fatar ya shafe. Ba shi da mita mai kyau, da ido ya koyi abin. Ya lura in gashi ya yi daidai, shuɗin yakan juya ya ɗauki wani ƙyalli kamar wuyan tattabara. Ya kuma gano abin da babu shi a takardar Mudassir, cewa in aka bar leda ta huce da sauri sai aikin ya lalace, sai an danne ta tsakanin katako biyu ta huce a hankali. Ran wata Talata da hantsi ya shiga ofishin yayansa ya ajiye guntu ɗaya a tebur ya ce, "Yaya, auna wannan." Aka fita rana. Tsinken mita ya tashi ya tafi can gefe, ya tsaya cak.

Ba nan aikinsa ya tsaya ba. Liƙewar da injin ke yi ita ta kare rinin daga raɓa da danshin fadama, waɗanda da sun cinye shi cikin mako biyu. Ya gasa guda sittin, ya jona su, ya ɗinke su a kan tamfol, ya naɗe kamar tabarmar masallaci. Shi ya riƙe ta a cinya cikin kwalekwale, shi ya hau rufin da ba ya ɗaukar nauyin gilashi ya shimfiɗa ta ya ɗaure. Kafin la'asar firji ya fara ƙugi. Hansatu ta kwashe auduga da sabulu, ta sa hannu ciki, ta daɗe ba ta fitar ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "To. Yanzu kuka yi magana."

A tsakiyar daminar nan, ruwa ya rufe hanya ko'ina, aka kawo wata matar masunci mai suna Saude tana naƙuda. Ta haihu bayan azahar, namiji, lafiya lau. Ana cikin murna jini ya ɓalle. Zani ya jiƙe, na biyu ya jiƙe, leɓenta ya yi fari, ta fara cewa ba ta ganin mutane. Asibiti mafi kusa tafiyar awa biyar ce a ruwa. Hansatu ta san wannan fuskar, sau tara ta gan ta. Ta buɗe firji ta ɗauko kwalba mai sanyi ta yi mata allura, ta ɗora hannu a mararta tana murzawa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta ji mahaifa ta taru ta yi tauri a ƙarƙashin tafinta. Jini ya ragu, ya tsaya. Da yamma Saude ta sha kunu ta ba ɗanta nono.

Labari ya bazu har ya kai kunnen wata gidauniya mai tallafa wa ƙirƙire-ƙirƙire. Suka aiko da mutane suka duba rufi, suka duba firji, suka koma. Bayan wata biyu takarda ta zo. Za su gina ɗakin aiki, su ba da kayan da za a yi irin wannan tabarma don ɗakunan shan magani arba'in na garuruwan cikin ruwa. Za su kuma ba da lambar yabo ga wanda ya ƙirƙiro ta, kuma shi zai shugabanci aikin. A takardar layi ɗaya ne tak na suna. Mai kula da ɗakin shan maganin da aka fara gwadawa shi zai rubuta sunan ya sa hannu a matsayin shaida. In ranar Alhamis ta ƙarshen wata ta wuce ba a mayar ba, tallafin ya koma wata ƙasa.

Hansatu ta ga abin ba wuya. Ta matse sunaye uku a layin ta aika. Aka dawo mata da sabuwar takarda da ɗan bayani cikin ladabi, cewa dokarsu mutum ɗaya ce. Ta kira 'ya'yanta su zo gida, tana zaton kafin shayi ya huce za a gama. Kwana uku suka yi a tsakar gidanta.

Zuwaira ta ce, "Inna, ni ban ga abin musu ba. Ba don rinina ba, me Mudassir zai auna? Me Ukasha zai gasa? Ledar burodi? Shekara bakwai na yi kafin ɗayansu ya san akwai aikin. Ku dubi hannuna. Kuma in kayan suka ƙare, wa ya san yadda ake haɗa wani in ba ni ba?"

Mudassir ya gyara tabarau ya ce, "Yaya, ba raini ba, amma a kwalin shara na tsinci rinin nan, kuma ke kika sa shi a ciki. Da na makara da awa ɗaya da an ƙone shi. Kina neman ciwon a inda babu shi, da yanzu kina kan haɗi na ɗari huɗu. Shi kuma Ukasha, wa ya gaya masa a gasa? A takardata ya karanta. Gobe in tabarmar wani gari ta daina aiki, wa zai gano dalili?"

Ukasha ya ce, "Takardarka tana nan a shagona, Yaya, kwafi goma sha biyu. Mu ɗora ta a rufi mu ga ko firji zai yi sanyi. Rini yana nan, lissafi yana nan, amma leda casa'in kuka ƙona. Da na kawo shawara dariya kuka yi min. Hucewa a hankali a wane littafi kuka gani? Kuma rufi arba'in ɗin nan, a cikinku wa zai hau?"

Suka koma farko, suka sake bi, kowa da abin da ya faɗa jiya, sai dai murya ta ƙara sama. Hansatu ta ce a yi ƙuri'a da tsinken tsintsiya. Nan ne kawai bakinsu ya zo ɗaya, suka ce ba a jefa gumin mutum a ƙuri'a. Ta ce to ƙanana su bar wa babba. Ukasha ya ce tun yana yaro yake bar musu, wannan karon a'a. Ta ce to manya su bar wa auta. Zuwaira ta ce za ta iya barin lambar, amma ba za ta iya zama ƙarƙashin wanda bai san sunan sinadari ɗaya a cikin abin da yake gasawa ba. Hansatu ta juya ga Mudassir, ya buɗe baki ya ce, "Wato kin gane, Inna," ta ɗaga masa hannu ta fita.

Ta je wurin Saude, ta same ta tana shanyar kifi da ɗanta a baya. Ta zayyana mata komai ta ce, "Ranki aka ceta, ke ki faɗa." Saude ta ce, "Sista, ni ban san rini ba, ban san lissafi ba. Wadda ta yi min allura na sani. Ki rubuta sunanki." Hansatu ta ce a shafi na biyu an hana shaida ya rubuta kansa, kuma ko ba a hana ba, shekara ashirin da shida tana da hannun nan da allurar nan mata suna mutuwa, ba ita ce sabon abu a garin ba. Ta dawo gida ta tarar an raba kwanon tuwo uku, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Ta tsaya a tsakiyarsu ta ce, "Ku saurare ni. Garuruwa arba'in ne. A kowanne akwai mace mai ciki yanzu haka da ba ta san da ku ba, ba ta san da lambarku ba. Na karɓi haihuwa fiye da dubu biyu, ban taɓa ganin uwa ta sha wahala da 'ya'ya uku kamar yadda kuke ba ni ba, har da ranar da na haife ku. Tunda kun ƙi, ni zan rubuta. Wanda bai ji sunansa ba kada ya zo min da fuska." Dukansu suka ce sun yarda da hukuncinta, kuma kowanne ya faɗa yana kallonta da tabbacin shi ne.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, da ta zauna ita kaɗai ta auna, ta ga babu maƙaryaci a cikinsu. Ta cire Babba, sai ta ga babu abin da zai sha hasken. Ta cire Mudassir, sai ta ga rini a kwandon shara da zafi a banza. Ta cire Ukasha, sai ta ga takarda mai kyan rubutu da firji cike da sabulu. Ko wanne ta cire, Saude ta zama ta goma.

Ranar Alhamis ta zo. Hantsi ya yi, mai kwalekwalen da zai kai takarda tashar mota ya turo a ce mata ruwa na ja, in ba a tashi yanzu ba motar birni za ta wuce. Hansatu na zaune a kan benci a ƙofar ɗakin shan magani, takarda a cinya, biro a hannu, 'ya'yanta uku a tsaye a gabanta ba mai kallon wani. Ta yi tsaki, ta cire murfin biro.

Nan na tsaya, ban ga abin da ta rubuta ba. Ku da kuka ji komai, biron yana hannunku. Wadda ta ƙera rinin, ko wanda ya gano inda lantarkin ke mutuwa, ko wanda ya gasa ta ya kai ta rufi: sunan wa ya cancanci ya hau wannan layi ɗaya?